Gida ya tsuke, kaya sun yi yawa: Me za a saya, ina za a ajiye?



Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Legas ya san yadda lissafin yake. Kuɗin da zai kama wa mutum gida guda mai tsakar gida da sito da ɗakin baƙi a Gusau ko Azare, a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ciki da falo zai ba shi, in ya yi sa'a da ɗan kicin da banɗaki a ciki. Haka abin yake a Sabo ta Ibadan da Fatakwal, da unguwannin gefen Abuja irin su Kubwa da Lugbe da Nyanya. Gida ya tsuke, amma kayanmu ba su san an canja gari ba. Amarya takan iso da kayan da aka yi bisa awon ɗakunan gida: gado mai faɗi, sif mai ƙofa huɗu, madubi da kujerarsa, saitin kushin, akwatunan lefe, kuloli da tangaran da tukwane kwali-kwali. Bayan shekara uku an samu yara biyu, ga keken koyon tafiya, ga jakunkunan makaranta, ga buhun shinkafa da na wake da aka aiko daga gida. Sai ka shiga falo ka rasa inda za ka shimfiɗa darduma.

Wata za ta ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da zancen sif da durowa? Abin da ya haɗa mu shi ne, cunkoson kaya a kantin magani yake ƙarewa. Yaro mai tarin dare da ba ya jin sirof, uwa mai atishawa kowace safiya, ƙwayar hawan jini da ta jiƙe tun tana cikin takardarta, ɗan rarrafe da ya kai hannu inda bai kamata ba. In aka bi diddigi, sau da yawa maganar wurin ajiya ce.

Uwargida, kafin ki taka kasuwa, ari tef ɗin tela ki auna ɗakin. A ce tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 10, wato murabba'in ƙafa 120 ke nan. Gado shida-da-shida shi kaɗai ya cinye 36, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗakin. Sif ta ɗauki nata, ƙofar ɗaki na buƙatar inda za ta buɗe, ke ma kina buƙatar hanya mai faɗin aƙalla ƙafa 2 da rabi da za ki wuce da goyo a baya ba tare da kin karkace ba. Ƙasa ta ƙare ke nan. To yanzu ɗaga kai. Daga daɓe zuwa silin yawanci ƙafa 9 ne ko 10, sif ɗin da kika zo da ita kuwa ba ta wuce ƙafa 6 ko 7 ba. Duk wannan sararin da ke sama kuɗin hayarsa kuke biya shekara-shekara, kuma ƙura da yanar gizo ne ke kwana a ciki.

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Ɗakin ƙasa zagayayye bai fi namu girma ba, amma ragaya na rataye da ƙoren nono, tabarma na jingine a naɗe, kwanuka an jera su sama-sama, adaka na ƙarƙashin gado. Saboda haka in kin je sayen abin ajiya, nemi dogo siriri, ki bar gajere mai faɗi. Kantar ƙarfe mai hawa biyar, irin wadda ake haɗawa da noti, faɗinta ƙafa 3, zurfinta ƙafa 1, murabba'in ƙafa 3 kacal za ta ci a ƙasa, ta ba ki wurin jera kaya na murabba'in ƙafa 15. Zurfin ƙafa 1 ya ishi atamfa a ninke, ya ishi littattafan yara da tukwane matsakaita. Kayan da ake ratayewa ne kawai ke buƙatar zurfin ƙafa 2, su kuma in kin duba da kyau manyan rigunan maigida ne da 'yan abayoyi. Sauran duk ninkewa suke so. Bayan ƙofar ɗaki ma wuri ne: akwai marataya ta ƙarfe da ake saƙalawa a saman ƙofa ba tare da an buga ƙusa ba, tana ɗauke hijabai da mayafai da jakunkunan makaranta.

Sai ƙarƙashin gado, wanda a ganina shi ne sito mafi girma a ƙaramin gida. In tsakanin katakon gadon da ƙasa ya kai ƙafa 1, gado shida-da-shida na ɓoye da wurin da ya kai kashi uku cikin huɗu na sif mai faɗin ƙafa 4 da zurfin 2 da tsayin 6. Akwai gadon da ake sayarwa da durowoyi a gefe, akwai wanda ake ɗaga katifar gaba ɗaya kamar murfin akwati. Mai durowa yana son filin ƙafa 2 a gefe kafin ya buɗu, don haka in gadonki a manne yake da bango ta ɓangare ɗaya, durowoyin wancan gefen asarar kuɗi ne. Wanda ake ɗagawa ya fi cin kaya, sai dai a duba ƙarfen da ke tokare shi da kyau a kanti, a ɗaga a sake a ga ko zai tsaya da kansa, domin katifa mai inci 10 in ta faɗo a wuyan mutum ba wasa ba ce. Wadda ba ta da halin canja gado, robobi masu faɗi masu murfi da 'yar taya sun wadatar, kuma su ne mafi araha a duk abin da zan ambata yau. Nan ne wurin barguna da rigunan sanyin da ba a taɓa su sai za a je gida lokacin hunturu. In an sa su a ledar nan da ake zuƙe wa iska, bargo uku kan koma kaurin ɗaya, da sharaɗin sun bushe ƙarau kafin a rufe.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne kwali. Na san kyauta ake samunsa, shi ya sa yake cika ƙarƙashin gadaje da saman sif. Amma kwali na shan danshi, kyankyasai na son kwana a tsakanin ninkinsa su zuba ƙwai. Kashinsu da ɓarɓashin jikinsu na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna tayar da asma, tare da fumfuna da ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani. Jakar bakko ta ɗan fi kwali, amma zif ɗinta ba ya jimawa, kuma ba ta tsayuwa a jera wata kan wata. In akwai mai asma a gidan, abin ajiya mai ƙofa ko murfi ya fi buɗaɗɗe, domin tsumma mai laima ɗaya ya goge shi.

Yanzu bari mu zo kan abin da aka yi kayan da shi, domin nan ne ake cin kuɗin mutane. Yawancin sif da durowa masu araha da za ki gani a shagunan Mushin, ko kasuwar Kugbo a Abuja, ko a Jumia da Jiji, ba da icen gaske aka yi su ba. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai kyalli. Kafintoci na kiran wani MDF, wani HDF wanda ya fi shi tauri, akwai kuma mafi rauninsu da za ki ga ɓarɓashin itace ƙuru-ƙuru in kin leƙa bakinsa. Ba su da laifi a busasshen wuri. Ruwa ne ajalinsu: da zarar gindin ya jiƙe sai ya kumbura kamar burodi, noti ya saki, ba ya kuma komawa. A Legas da iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, ga ruwan Yuni da Yuli da ke shiga ɗakunan ƙasa, kada ki sayi wanda ke zaune daɓas a daɓe. Nemi mai ƙafafu na ƙarfe ko roba masu tsayin inci 4 zuwa 6, tsintsiya da mofa su riƙa shiga. Ki bar tazarar yatsu uku tsakaninsa da bangon da ruwan sama ke duka ta waje, iska ta riƙa wucewa, in ba haka ba wata rana za ki ja sif ki tarar da bayanta ya yi baƙi da fumfuna. Kicin da kusa da banɗaki kuwa, roba ko ƙarfe mai fenti kawai.

Akwai kuma warin sabon kaya, wannan da ke sa ido yaji da maƙogwaro ƙaiƙayi in an buɗe sabuwar sif. Wani sinadari ne mai suna fomaldihaid da ke cikin gam ɗin da aka matse katakon da shi, kuma zafi da laima na ƙara masa fita. A shekarar 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna iya haddasa cutar. Kada hankali ya tashi, hujjar ta fi ƙarfi ne a kan ma'aikatan da suka shafe shekaru suna shaƙarsa da yawa a wurin aiki. A gida abin da ya fi damunmu shi ne ido da hanci da ƙirjin mai asma da na jariri. Maganinsa iska: in an kawo kayan, a zare durowoyi, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kunna fanka na wasu kwanaki kafin a zuba tufafi. Mai juna biyu da ke shirin sayen durowar kayan jariri ta saya tun cikin na wata bakwai, kada ta bari sai ana gobe suna. In kin ga alamar E1 a jikin kwalin kayan da aka shigo da su, ma'aunin Turai ne da ke nuna sinadarin da yake fitarwa kaɗan ne.

Maigida, wannan naka ne. Dogon abu siriri da nake yabo yana da haɗari guda, shi ne faɗuwa. Yaro ɗan shekara biyu in ya hango abin da yake so a sama, durowa yake jawowa ɗaya bayan ɗaya ya mai da su tsani. Da nauyin ya rinjaya gaba, sai abin ya kife a kansa, kuma tufafin ciki da jikin yaron kan danne ƙarar har na falo bai ji ba. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA ya yi shelar janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka, bayan mutuwar ƙananan yara da irin wannan faɗuwa, ya ce a mayar a karɓi kuɗi ko a karɓi abin kafewa a bango kyauta. Daga baya ƙasar ta yi doka da ta fara aiki a 2023, wadda ta tilasta gwada irin waɗannan kaya kafin a sayar. Kayan da kafintan unguwa ya haɗa ba wanda ya gwada su, gwajin yana wuyanka. Ƙarfe biyu masu lanƙwasa, noti huɗu da robar da ake kira fisha, sai mai na'urar huda bango, aikin minti goma sha biyar ne. In mai gidan haya ya ce ba ya son a huda masa bango, a lallaɓa shi, ramuka biyu ne da za a cike ranar tashi. Masu nauyi su zauna a hawan ƙasa, marasa nauyi a sama. Kada a ɗora talabijin a kan durowar da ba a kafe ba, kada kuma a ajiye alewa ko waya a samanta yaro na kallo.

Gado mai hawa biyu yana ceton fili sosai a ɗakin yara, amma likitocin yara ba su yarda wanda bai kai shekara 6 ya kwana a sama ba. A tabbatar da makari a kowane gefe, a kuma duba nisansa da fankar sama tun kafin a ɗaure noti.

To, ga inda na fi so mu tsaya. A ƙaramin gida magani ba shi da mazauni: yau yana kan firji, gobe a jakar hannu, jibi a durowar gefen gado ko tagar banɗaki. Duk waɗannan wurare ba su dace ba. In kin juya kwalin yawancin magunguna za ki ga an rubuta a ajiye a busasshen wuri ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Kicin na wuce haka duk lokacin da aka ɗora tukunya, saman firji da bayansa zafi suke fitarwa, banɗaki kuwa tururi ne. Asfirin in ya sha laima sai ki ji yana tsamin wari, ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su narke kan lalace tun a cikin kwalbarsu, wasu kuma ba za su nuna alamar komai ba sai dai ƙarfinsu ya ragu, mai hawan jini ya yi ta sha yana mamakin abin da ya hana awonsa sauka. Durowar gefen gado kuma daidai tsayin ɗan rarrafe take. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake bai wa masu ciki wajen awo kama suke da alewa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa suna iya kashe shi. Farasitamol da muka raina, in ya wuce ƙima hanta yake lalatawa, kuma a ranar farko yaron kan yi kamar ba abin da ya same shi.

Don haka in kuɗinki na abu ɗaya ne kawai a wannan wata, fara da ƙaramin akwati mai makulli da za a kafe a bangon ɗakin kwana, sama da ƙafa 5 daga ƙasa, nesa da taga da hasken rana. Kowane magani ya zauna a kwalinsa da takardarsa, kada a ɓare ƙwayoyi a haɗa su a kwalba ɗaya don rage wuri. Insulin da ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da wurin ƙanƙara, domin in ya daskare ya tashi aiki. Garin maganin ƙwayoyin cuta na yara da ake zuba wa ruwa yana da 'yan kwanaki ƙidayayyu bayan an haɗa shi, suna rubuce a jikin kwalbar, ragowar kuma ba a ajiye wa ƙani. Duk bayan wata uku a zazzage akwatin a duba kwanan wata. Za ki yi mamakin yawan wurin da zai samu.

Kalanzir da ruwan bilic da maganin ƙwari su ma sama suke zama, a rufe, daban da abinci da magani. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke da kowa ke tura su nan ne yaro ya fi saurin isa. Kada a zuba kalanzir a gorar lemo ko ta ruwa, yaro gora yake gani. In ƙaddara ta sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin a wajen aman ne kalanzir ke shiga huhu. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da gorar. Sniper da danginsa kuwa maganin gona ne, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da su barkatai a kasuwanni, ba su da wurin zama a ɗakin da ake kwana. Haka ƙwayar da 'yan hatsi ke kira bom: iskar da take fitarwa guba ce, kada a jefa ta a buhun wake a cikin gida. Wake da shinkafa da gari a juye su a robobin abinci masu murfi mai kamawa, a ɗora a kan kanta, ban da bokitin fenti da aka wanke. Gyaɗa da masara in suka sha laima suna yin fumfuna mai gubar da ke cutar da hanta, don haka a ƙaramin gida mai danshi sayen na wata guda ya fi tara na shekara. Tukunyar gas kuma kada a kulle ta a kabad marar mashigar iska don neman kyan kicin, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zurara ƙasa yake taruwa.

Akwai wata al'ada da nake roƙon a bari, ita ce zuba fararen ƙwallayen kafur a akwatin kayan jariri. Yawancin waɗanda ake sayarwa naftalin ne. Nijeriya na cikin ƙasashen da yara da yawa, musamman maza, ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma iyaye ba su sani ba. Irin wannan jariri in ya shaƙi naftalin ko ya taɓa fatarsa, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, wadda in ta yi yawa takan taɓa ƙwaƙwalwa. Wanki ɗaya ba ya fitar da shi duka daga zani. Kayan jariri wanki suke so da shanya a rana da roba mai murfi, shi ke nan.

Masu sayen na hannu, akwai rahusa ta gaske, musamman daga waɗanda za su tashi daga gari. Kantar ƙarfe da teburi da robobi ba matsala. Gado da kushin ne abin tsoro, saboda kuɗin cizo. A haska fitilar waya a mahaɗar katako da ɗinkin kujera, in an ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar na biro, a haƙura komai arahar. Katifa kuwa ba na ba da shawarar sayen ta hannu.

Falo ba sai na tsawaita ba. Saitin kushin mai cin mutum bakwai ba dole ba ne. Doguwa ɗaya mai wurin ajiya a ƙarƙashi, da tum-tum biyu masu rami a ciki, da teburi mai naɗewa, sun ishi iyali, baƙi in sun yi yawa kafet na nan. Akwatunan lefe a zura ƙanana cikin manya a ɗora saman sif. Kuloli goma sha biyu da ba a buɗe ko ɗaya ba tun ranar jere, a zaɓi uku, sauran a ba mai motar da ke zuwa gida ya kai ɗakin Hajiya, ranar aurar da ƙanwa za a gode miki.

Ku kuma iyayenmu mata da ke shirin kai 'ya Legas ko Abuja, kafin a ba kafintan Kano ko Kaduna kuɗin kayan ɗaki, a sa ango ya aiko da awon ɗakin da falon a rubuce, har da faɗin ƙofa da kwanar matakalar bene. Sif mai ƙofa shida da ba a kwancewa ba ta hawa bene mai hawa uku a Obalende, a ƙasa za a tsaya da ita ana neman mai zarto, amarya na sama tana jira.